Su a Busasshen Tafki

Wata bakwai Ɗantsoho ya yi bai taka ƙofar gidansa ba. Tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti a Kano, likita ya ce jijiyar idonsa ta riga ta mutu kuma babu aikin da zai tashe ta, ya shige ɗaki ya zauna. Ko masallacin unguwa, da bai fi taku arba'in daga gidan ba, ya daina zuwa. Ya ce shi ba za a riƙe masa hannu a titi ana jansa mutane suna kallo ba.

Ni sunana Auta. Shekarata sittin da uku, jikokina tara, amma har gobe Auta ake ce mini, na gaji da faɗa na haƙura. Tela ne ni a kasuwar Daura, kuma shekara goma sha ɗaya rumfata tana jingine da ta Ɗantsoho, inda yake sayar da bandar kifi. Kafin nan ya yi fiye da shekara ashirin yana su a Tafkin Chadi, sai da tashin hankali ya koro shi gida. Duk rigar da na ɗinka a waɗannan shekarun da ƙaurin kifinsa take fita. Masu kaya sun yi ƙorafi har sun gaji, ni kuwa ban taɓa tunanin sauya rumfa ba.

Wata ranar Laraba na je gaishe shi, da na fito sai matarsa Shatu ta tare ni a zaure. Ta rage murya don kada ya ji.

"Malam Auta, abokin nan naka fa ƙarewa yake yi. Tuwo loma uku yake ci ya ture kwano. In aka bar shi haka, ni ban ga alamar zai ga damina ba."

Abin da ni ma na gani ke nan da idona. Mutumin da ke ɗaukar kwandon kifi shi kaɗai ya koma riga tana yawo a jikinsa. Na fita daga gidan da tsoro a zuciyata, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum cin abincin rana.

Na kai maganar wurin Maiturare, na ukunmu. Shi mai sayar da turare ne, yana da wata tsohuwar mota, kuma bakinsa ya fi motar gudu nesa ba kusa ba. Ban rufe baki ba ya ce ai maganin a hannu yake. Mutumin ruwa ruwa za a kai shi. Ya san wani tafki a bayan wani ƙauye kan hanyar Baure, ana ce masa Tafkin Ƙirya, ruwa iya ganinka, kifi har tsalle suke yi suna gaishe da mutane. Mu je mu wuni a inuwa, mu jefa fatsa, mu gasa abin da Allah ya ba mu. Na ji daɗin shawarar har na manta ban tambaye shi yaushe rabonsa da wurin ba. Wannan laifina ne, don na san halinsa tun muna samari.

Ɗantsoho ya ce ba za shi ba. Na koma washegari ya ce ba za shi ba. Ranar Juma'a na sayi ƙugiya da zare, na ɗaura da kaina, na je na sa masa a hannu na ce ya duba mini ko ta yi, tunda mu dai gobe za mu tafi ko da shi ko ba shi. Ya bi zaren da yatsa har ya iso ƙullin. Sai ya tsaya.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni."

"Shekara arba'in kana wasa da zare, abin da ka iya ke nan? Ko ɗan tsako ya fizga zai tafi da ita."

Ya kwance, ya sake ɗaurawa kafin in kifta ido, ya ciji bakin zaren ya yanke. Ya riƙa juya ƙugiyar a tafin hannunsa. Can ya ce za shi, don kada mu je mu kunyata shi a gaban ƙauyawa, amma motar ta zo har bakin zaure, kuma kada wanda ya taɓa masa hannu.

Muka fita Asabar da hantsi. Bazara ta kai maƙura, sama fari fat, ko ina manoma sun share gonaki sun zuba taki tsibi-tsibi suna jiran ruwan shuka. Mun ɗauko tabarma, jarka biyu ta ruwa, robar da za mu zuba kifi, 'yar fartanya ta tonon tana, gawayi, gishiri da yaji, da furar da Shatu ta dama mana a ƙwarya. Ɗantsoho yana gaba, ya sauke gilashi. Maiturare kuwa tun daga Daura yake ba da labarin girman kifin da za mu kama, kifin yana ƙara tsawo duk kilomita.

Muka bar kwalta, muka bi wata hanyar amalanke, muka zagaya bayan ƙauyen. Maiturare ya taka birki ƙarƙashin wani babban gawo. Na leƙa ta taga, gabana ya faɗi.

Babu ruwa. Ko na wanke cokali babu. Fili ne fetal na baƙar ƙasa da ta tsattsage, ga sawun shanu ya bushe a ciki, ga wata jaka can tsakiya tana tsaye tana kallonmu. Daga baya Maiturare ya amsa cewa rabonsa da wurin tun lokacin girbin gero.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mini Ɗantsoho da ido. Na gane nufinsa, kuma na san ba daidai ba ne. Amma na tuna kwana uku da na yi ina lallashi, na tuna maganar Shatu, na ga in muka ce masa mun kawo shi busasshen tafki, ya koma ɗakin nan ke nan ba mai sake fito da shi. Sai na bi Maiturare muka yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya.

"Masha Allah," in ji Maiturare da ƙarfi. "Auta, ka ga ruwa?"

"Na gani," na ce.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar gawo, wanda shi kaɗai ne mai ganye a wannan lokaci. Ɗantsoho ya lalubo wuri ya zauna. Na ba shi sandar fatsa, na ce na sa masa tana, alhali ƙasar ko tururuwa ba ta da ita. Ya wurga. Ƙugiyar ta sauka a kan busasshen yumɓu ta kwanta. Maiturare ya lallaɓa bayan mota, ya tsiyaya ruwa a roba, yana ɗan marinsa da tafin hannu lokaci-lokaci.

"Ka ji wani ya yi tsalle," yake cewa. "Wannan tarwaɗa ce, ba ƙarama ba."

Ɗantsoho ya riƙe sandarsa, fuskarsa tana fuskantar filin, bai ce komai ba. Muka yi kusan rabin awa a haka. Iska mai zafi tana kaɗawa, kurciya tana kuka a saman gawo, ni kuma gumi yana bin bayana, ba na rana kaɗai ba.

"Auta," in ji Ɗantsoho.

"Na'am."

"Ƙugiyar nan tawa, ƙadangare muke jira ya haɗiye ta ko zabo?"

Hannun Maiturare ya tsaya a cikin roba.

"Tun kafin a kashe mota na sani. Ruwa yana da wari. Yana da sanyin da ke riga shi isowa wurin mutum, yana da tsuntsayensa. Nan ba abin da ya shiga hancina sai kashin shanu. Na yi shiru ne in ga iyakarku." Ya ajiye sandar a hankali. "Ido na rasa, ban rasa hankali ba. Abin da na zauna a ɗaki ina gudu ke nan, a mai da ni yaron goye ana kaɗa mini ruwa a roba. Ban zaci daga wurinku zai fara zo mini ba. Ku mai da ni gida."

Da ƙasar ta ƙara tsagewa a lokacin da na shige. Na fara ba shi haƙuri, bai saurare ni ba. Ya miƙe ya kama tafiya, a zatonsa mota ya nufa, nan kuwa cikin tafkin ya dosa. Na miƙa hannu, ya ji motsina ya daka mini tsawa in bar shi. Ya yi taku goma sha wani abu, sai takalminsa ɗaya ya maƙale a tsaga ya cire. Ƙafarsa ta sauka a kan ƙasar tsirara.

Ya tsaya cak. Na zaci zafi ne ya kama shi, don ƙasar ta fara ɗaukar rana. Sai na ga yana murza tafin ƙafar a kanta, gaba da baya. Ya durƙusa, ya zura yatsunsa cikin tsagar, ya ɓantaro ɗan guntu ya murƙushe, ya kai hanci.

"Wannan ƙasar baƙa ce?"

"Baƙa ce."

"Yumɓu ne zalla, ba rairayi." Ya cire ɗaya takalmin ya ajiye. "Zo nan, Auta. Ka faɗa mini abin da kake gani, kuma wannan karon ka faɗi gaskiya. Ina ne ƙasa ta fi duhu? Ina sawun shanu ya fi yawa ya fi zurfi?"

Na duba na ce can wajen gabas, kusa da inda jakar take, akwai wuri da ya ɗan lotsa kamar tsakiyar faranti.

"Nan ruwa ya yi ƙarshe. Ku ɗauko jarka ɗaya da fartanya. Ku juye furar nan a wani abu ku kawo mini ƙwaryar. Tunda kun iya yi wa mutum ƙaryar ruwa, ku zo ku ga yadda ake yin ta a ci abinci."

Ba mu gane ba, amma ba wanda ke da bakin tambaya. Shi ne a gaba, ƙafa ba takalmi, ni ina bayansa ina cewa dama kaɗan, hagu kaɗan. Yana tafiya yana tsayawa, yana buga diddige a ƙasa yana saurare. Da muka isa wurin da ya lotsa, jakar ta matsa mana. Ya durƙusa ya kife ƙwaryar a ƙasa.

Ya ce babansa ne ya nuna masa wannan yana yaro, a fadamar ƙauyensu, kuma ya fi shekara hamsin bai yi ba, don a Chadi ba mai tona ƙasa neman kifi. Ya ce duk wanda ya yi tari ya koma mota. Maiturare ya kama bakinsa da hannu.

Ya sa na tsiyaya masa ruwa a hannun hagu. Ya riƙa yarfa shi a kan ƙasa, ɗigo-ɗigo, nan da can, ba tsari. Da yatsun dama kuma ya fara taɓa bayan ƙwaryar, ɗaya, sai shiru, sai biyu, sai uku a jere, a hankali yana ƙara sauri. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga kai na dubi sama ba. Sautin yayyafin farko ne sak, irin wanda ke fara sauka a kan busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya kece. Ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso ya cika mana hanci. Sama kuwa ko gajimare ɗaya babu.

Ya tsaya, ya kwantar da kunnensa kusa da ƙasa. Ba komai. Muka matsa gaba kamar taku biyar, ya sake. Ba komai. Rana ta hau tsakiyar kanmu, na fara jin tausayinsa, na fara tunanin abin da zan ce masa in abin bai yi ba. A wuri na uku ya daɗe yana kaɗa ƙwaryar, gumi yana ɗiga daga gemunsa yana haɗuwa da ruwan da yake yarfawa. Sannan ya ɗauke hannu.

Daga ƙarƙashin ƙasa wani abu ya amsa.

Ƙaramin sauti ne, tsakanin tsaki da gyatsa. Ya yi sau ɗaya, ya ƙara. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa. Ƙasar da jaka ke takawa, ƙasar da na rantse ko tururuwa ba ta da ita, ga wani abu mai rai a cikinta yana jin abin da muke yi a sama. Na dubi Maiturare, na ga leɓunansa suna motsi yana tasbihi, ba sauti. Tunda na san shi ban taɓa ganin abin da ya ƙwace masa magana ba sai ranar.

Ɗantsoho ya bi ƙasar da tafin hannu kamar mai neman allura, har ɗan yatsansa ya faɗa wani ƙaramin rami da bai fi faɗin ƙwayar gyaɗa ba. Da idona biyu na wuce ta kansa sau nawa ban gan shi ba.

"Ga ƙofar numfashinta. Gaiwa ce, kifin nan mai kwanciya cikin laka. Auta, tona daga nan, ka bar tazarar tafin hannu ko ta ina. In ka sare ta ni da kai ne."

Na yi ta sara. Saman ƙasar kamar dutse, amma da na yi ƙasa sai ta fara laushi, ta fara sanyi. Ya karɓi aikin da hannunsa, yana yakucewa ta gefe, har ya zura hannu biyu ya ɗago wani curin yumɓu da ya kai girman tulun yara. Ya ɗora a cinyarsa ya riƙa ɓare shi kaɗan-kaɗan. A ciki akwai wata fata mai launin ƙasa, siririya kamar ɓawon albasa. Ya yage ta da farce.

Ga kifi. Ta naɗe jikinta gida biyu, wutsiya ta rufe fuska, baki yana kallon sama wajen ɗan ramin nan. Jikinta da danshi, a tsakiyar wannan ƙuna. Ba ta motsa ba.

"Ta mutu?" Maiturare ya tambaya da raɗa.

"Kawo robarka. Yau dai za ta yi aikin kirki."

Muka koma inuwar gawo, muka cika robar, ya sa ta a ciki. Muka zauna mu uku muka kewaye ta, tsofaffi da furfura, kamar yaran da aka kawo wa abin wasa. Shi ya bar yatsunsa biyu a cikin ruwan, a kan bayanta. An daɗe ba abin da ya faru. Har Maiturare ya fara gyara zama.

"Ta fara," in ji Ɗantsoho.

Mu ba mu ga komai ba, sai bayan ɗan lokaci. Wutsiyar ta zame daga fuskar a hankali. Wasu siraran hannuwa guda huɗu kamar zaren buhu suka saki jiki a cikin ruwa. Ta miƙe, tsawonta ya kusa kamu ɗaya da rabi, ta ɗago kai sama da ruwan, ta buɗe baki ta ja iska kamar yadda ni da kai muke ja. Na ji numfashin da kunnena.

Ɗantsoho ya ce tun da ruwan ya janye take nan, wata biyar ko fiye. Ba ci ba sha. In damina ta yi jinkiri za ta jira, in shekara ta wuce ba ruwa wata takan kai ta gaba. Ya ce duk filin nan da muke gani, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda ke kwance a ƙarƙashinsa suna saurare.

Na juya na dubi tafkin. Filin nan ne dai na ɗazu, baƙi, a tsattsage, zafi yana rawa a kansa. Amma na kasa kallonsa yadda na kalle shi da safe. Na ji kaina ƙarami ƙwarai. Shekara sittin da uku ina taka ƙasa, ban taɓa tunanin akwai masu jira a cikinta ba. Na ce Subhanallah, na sake cewa, don ba ni da wata kalmar.

Daga nan sai tsohon halina na son yin wa'azi ya motsa. Na dubi kifin, na dubi abokina da ƙasusuwan wuyansa a waje, na gyara murya.

"Ka ga ikon Allah, Ɗantsoho. Ita ma a duhu ta zauna wata da watanni tana cin jikinta, amma da lokaci ya yi..."

"Auta."

"Na'am."

"Kifi ne. Hura wuta."

Maiturare ya fashe da dariya har ya kwanta a tabarma. Ni ma na yi, kuma a karon farko cikin wata bakwai na ga haƙoran Ɗantsoho. Ya karɓi wuƙa, ya gargaɗe mu kada wanda ya kai yatsa kusa da bakinta don tana iya guntule shi, ya yi bisimilla ya gyara ta da kansa. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ya yayyanka, ya shafa gishiri da yaji, ya riƙa juya ta a kan gawayi, da hanci yake gane gefen da ya gasu.

Ruwan da ya rage na sha ne, don haka da azahar ta yi muka yi taimama da ƙasar tafkin, muka tura shi gaba ya ja mu salla. Bayan nan muka ci. Ban ƙirga lomarsa ba, amma na ga ya cinye rabonsa ya miƙa hannu cikin na Maiturare, shi kuma ya kau da kai kamar bai gani ba. Muka sha fura, muka miƙe ƙafa. Iska ta ɗan sauya, inuwar gawon ta yi tsawo ta gabas. Ya ba mu labarin Chadi, na wani giwan ruwa da ya ja kwalekwalensu tun hantsi har azahar, labarin da na ji sau ɗari a rumfa kuma ban taɓa yarda da shi ba. Ranar na yarda.

Da la'asar ta yi sanyi ya ce mu koma cikin tafkin. Muka ƙarasa ɗan ruwan da muka sha muka rage a kan ƙasa, ya kira wasu biyu suka amsa, muka tono su. Waɗannan bai ɓare su ba, ya bar su cikin curinsu, ya sa na naɗe su a buhu. Maiturare, da ya riga ya dawo da bakinsa, ya ce mu tsaya mu kwashe na wurin duka, shi ya san masu saye.

"Ka kwashe iri, damina ta zo ta tashi wa?" in ji Ɗantsoho. "Uku sun isa yini ɗaya. Auta, Asabar mai zuwa ka nemo babbar fartanya, wannan ta wasan yara ce. Akwai wani tafkin a hanyar Mai'adua da nake zargi. Kai kuma Maiturare, mota kawai muke so a wurinka, ba labari ba."

Muka iso Daura rana tana shirin faɗuwa. Ya rungumi buhun a cinyarsa tun daga can, bai yarda an sa a bayan mota ba. A bakin zaure ya sauka, ya lalubi bango ya shiga, ni ina biye da takalmansa da ya manta a tafki na tsinto. Ya tsaya a tsakiyar zauren ya ɗaga murya.

"Shatu. Zo ki karɓi cefane."

Ta fito da sauri tana gyara mayafi. Ta dube shi, rigarsa duk baƙar ƙasa, ƙafa ba takalmi, gemu da maiƙon kifi. Ya buɗe buhun ya miƙa mata curi biyu. Ta karɓa ta jujjuya su.

"Malam, ai ƙasa ce."

"Kifi ne a ciki, da ransa. Ki ajiye su a lungu inda ruwa ba ya taɓawa. Ranar da kike son miya ki sa ɗaya a roba ki zuba ruwa, ki kira ni in gyara miki."

Ta dube ni. Na gyaɗa mata kai, na yi mata alama da hannu cewa ya ci abinci, ya ci da yawa. Ta sake duban curin da ke hannunta, ta matse su a ƙirji, ƙasar tana zuba a kan zanenta ba ta kula ba. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa," ya ce. "A sa mini ruwan wanka."

Na ajiye takalman a bakin ƙofa na fita ban yi sallama ba, don idona ya cika kuma ba na so ya ji a muryata. Maiturare yana cikin mota ya kifa kai a kan sitiyari, sai da na buga masa gilashi sau biyu kafin ya buɗe mini.